Ina Lungun Wel da Amundsen ya sauka ya shiga?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tarihin tafiye-tafiye ya yi tambaya, ya ce ya karanta cewa Roald Amundsen, mutumin Norwe, ya kafa sansaninsa a wani lungun teku na Antatika da ake kira Bay of Whales, daga nan kuma ya tashi ya riga kowa isa Ƙuryar Kudu ta duniya a 1911, amma da ya duba taswirori sai ya ga wasu sun nuna lungun, wasu ba su nuna shi ba, waɗanda suka nuna ɗin ma kowacce da irin siffar da ta ba shi. Yana son sanin ko wurin yana nan har yau, da dalilin da ya sa masu bincike suka yi ta komawa can, da kuma irin halittun da ke iya rayuwa cikin wannan sanyi.

Malam, taswirorin nan babu wadda ta yi maka ƙarya, kowacce ta zana abin da aka tarar ne a shekarar da aka auna wurin. Abin da ya rikita lissafin shi ne an saba da lungun teku wanda ƙasa ko duwatsu suka kewaye, wanda yadda kaka ya san shi haka jika zai tarar da shi. Shi kuwa wannan, da sunansa ke nufin Lungun Wel, wato manyan dabbobin tekun nan masu shayar da 'ya'yansu, bangayensa duka ƙanƙara ce, ƙanƙarar kuma tafiya take yi ba dare ba rana. Saboda haka kafin a gane labarinsa sai an fara sanin abin da ake kira dandamalin ƙanƙara.

Dusar ƙanƙarar da ke sauka a tsakiyar nahiyar Antatika ba ta narkewa, taruwa take yi shekara bisa shekara, ta sama ta danne ta ƙasa har ta sandare ta zama ƙanƙara mai tauri, wadda kaurinta a wasu wurare ya wuce kilomita 4. Nauyinta shi ke sa ta malala sannu a hankali zuwa gefe, ta bi kwaruruka tsakanin duwatsu kamar yadda kogi ke yi, har ta isa bakin teku. Idan ta isa can ba ta tsayawa, ba ta kuma karyewa nan take, sai ta ci gaba da shimfiɗuwa bisa ruwa tana iyo, alhali bayanta yana manne da ƙanƙarar da ke kan tudu. Wannan shimfiɗa mai iyo ita ce dandamalin ƙanƙara. Wajibi ne a bambanta ta da ƙanƙarar teku, wadda ruwan gishiri ne ke daskarewa da hunturu ya yi kaurin mita 1 ko 2, akasarinsa kuma ya narke da bazara. Shi dandamali daga dusa ya samo asali, kaurinsa kuwa ɗaruruwan mitoci ne.

Mafi girman irin waɗannan dandamaloli a duniya shi ne na Ross, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 500,000, ya kusa kamo ƙasar Faransa ke nan. Bakinsa da ke fuskantar Tekun Ross farar ganuwa ce tsaye ƙyam, mai tsawon fiye da kilomita 600, tsayinta bisa ruwa tsakanin mita 15 da 50, abin da ke nutse a ƙarƙashi kuma ya ninka haka sau da dama. James Clark Ross, hafsan sojan ruwan Ingila, shi ya fara cin karo da ita a ƙarshen Janairun 1841, da jiragensa biyu, Erebus da Terror, yana neman hanyar kudu, ya kuwa kwatanta yunƙurin ratsa ta da a ce jirgi ya nemi ratsa fararen duwatsun Dover na ƙasarsu. Shi ya sa aka daɗe ana kiranta Babban Shinge. Ganuwar nan tana gusawa arewa da abin da ya kai mita 2 zuwa 3 kowace rana a wurare da dama, kusan kilomita guda a shekara ke nan, sa'an nan bayan shekaru masu yawa sai wani makeken yanki ya ɓalle ya zama tsaunin ƙanƙara mai iyo, mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, baki ya koma baya, a sake sabon lale.

Ga matuƙin jirgin ruwa, ganuwa mai tsayin mita 30 ba wurin sauke kaya ba ce. Sai an sami inda ta lotsa ciki, ta kuma sunkuyo har mutum da kare da amalanken ƙanƙara za su iya hawa. A gabashin dandamalin, wajen digiri 78 da rabi kudu da ikwaita, daura da digiri 164 yamma, akwai irin wannan wuri, kuma babu wani buɗaɗɗen ruwa a duniya da jirgi zai iya kaiwa wanda ya fi shi kusa da Ƙuryar Kudu. Waɗannan abubuwa biyu, sauƙin hawa da kusanci, su ne suka yi ta jawo mutane can.

Ross da kansa ya koma yankin a Fabrairun 1842, ya kai ɗan sama da digiri 78. A Fabrairun 1900 Carsten Borchgrevink, ɗan Norwe da ya jagoranci ayarin Ingila a jirgin Southern Cross, ya sauka a wata kafa ta shingen, ya yi 'yar gajeriyar tafiya da karnuka zuwa digiri 78 da minti 50, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa kaiwa. A Fabrairun 1902 Robert Falcon Scott na Ingila ya tsaya da jirginsa Discovery a wata kafa da ke nan kusa, ya hau balan-balan mai ɗaukar mutum wanda aka ɗaure da igiya, domin ya hango abin da ke kudu, Ernest Shackleton ma ya hau ya ɗauki hotuna.

Shackleton ɗin nan shi ne ya raɗa wa wurin suna. Ya dawo a Janairun 1908 yana jagorantar nasa ayarin a jirgin Nimrod, da niyyar kafa sansani a kafar da suka tashi balan-balan, musamman da yake ya yi wa Scott alkawarin ba zai sauka a mashigin McMurdo ba, wanda Scott ke ɗauka a matsayin fagen aikinsa. Da ya iso sai ya tarar kafar ta ɓace gaba ɗaya cikin shekaru 6 kacal: kilomitoci na ƙanƙara sun ɓalle sun tafi, an bar wani faffaɗan lungu cike da wel suna ta feso numfashi. Abin ya girgiza shi, domin ya ga cewa da a nan suka gina gida da tuni teku ta tafi da su. Ya nemi ƙasa ta sosai a gabas, ƙanƙarar teku ta tare shi, daga ƙarshe ya gwammace ya saɓa alkawarin da ya yi wa Scott da ya kwantar da mutanensa a kan abin da ya gani da idonsa yana rushewa, ya koma yamma ya sauka a tsibirin Ross, a bakin mashigin McMurdo ɗin.

Amundsen ya karanta rahotannin nan duka, amma ya fitar da wata fahimta dabam. Shi abin da ya lura da shi shi ne tun daga zamanin Ross, kusan shekaru 70, duk wanda ya zo yakan tarar da wata lotsawa a kusan wuri guda, ko da siffarta ta sauya. Ruwa ba ya tsami banza: idan ƙanƙara mai tafiya tana yawan tsagewa a waje ɗaya, to akwai abin da ke riƙe ta daga ƙasa. Ya yanke hukuncin cewa ƙanƙarar wajen tana zaune ne bisa tudu ko ƙasan teku marar zurfi, ya shigo da jirginsa Fram ranar 14 ga Janairun 1911, ya kafa gidan katakon da aka harhaɗo tun daga Norwe a nisan 'yan kilomitoci daga bakin ruwa, ya sa masa suna Framheim. Da wannan zaɓi kaɗai ya fi Scott, wanda shi ma ya dawo da niyyar isa Ƙuryar Kudu ya sauka a Cape Evans da ke tsibirin Ross, kusanci da Ƙuryar Kudu da digiri guda, kimanin kilomita 110, tun ba a ɗaga ƙafa ba. A farkon Fabrairu jirgin Scott, Terra Nova, ya biyo bakin shingen yana neman wurin sauke wani ɓangare na ayarinsu, sai ga Fram a ɗaure cikin lungun, ta haka Turawan Ingila suka san takamaimai inda abokin takararsu yake.

Mutum 9 suka yi hunturu a Framheim da karnukansu, rana ta ɓace musu daga ƙarshen Afrilu har ƙarshen Agusta, sanyi ya kai wajen digiri 58 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Dusa ta binne gidan, su kuma suka haƙa ɗakunan aiki a cikinta. Kafin duhu ya shigo sun riga sun jibge abinci a digiri 80 da 81 da 82, sun kuma tara kimanin tan 60 na naman sil, dabbar tekun nan mai kitse da ke kwanciya bisa ƙanƙara. Wannan nama ba ƙaramar rawa ya taka ba, domin da shi aka ciyar da karnuka, shi ne kuma ya kare mutanen daga ciwon rashin bitamin C, wanda ya sha karya ayarin masu tafiya a irin waɗannan wurare. Bayan wani yunƙuri na gaggawa a Satumba wanda sanyi ya tilasta musu komowa, mutum 5 suka tashi a Oktoba da amalanke 4 da karnuka 52, suka haura duwatsu ta kogin ƙanƙarar Axel Heiberg, suka isa Ƙuryar Kudu ranar 14 ga Disamban 1911, suka dawo Framheim ranar 25 ga Janairun 1912 da karnuka 11. Scott ya isa ranar 17 ga Janairu, shi da mutanensa huɗu duka suka rasu a hanyar dawowa. Cikin wannan watan na Janairu kuma jirgin Japan, Kainan Maru, ƙarƙashin Nobu Shirase, ya shigo lungun ya tarar da Fram yana jira, mutanensa suka yi tafiya da karnuka har suka ɗan wuce digiri 80. Ba kasafai ake ambaton wannan ayari ba, alhali ya cancanci a tuna da shi, ganin ƙaramin jirgin da suka zo da shi da ƙarancin abin hannunsu.

To wa ya yi daidai tsakanin Shackleton da Amundsen? Amsar ba ta fito ba sai zuwan Richard Byrd na Amurka. Byrd ya kafa sansanin da ya kira Little America a bakin lungun a farkon 1929, mutum 42 suka yi hunturu, kuma daga nan ne a ƙarshen Nuwamban 1929 shi da mutum uku, Bernt Balchen yana tuƙi, suka tashi a jirgin sama mai inji uku suka kewayo Ƙuryar Kudu suka dawo cikin kimanin sa'o'i 19, tafiyar da ta ci wa Amundsen kwana 99. Da ya koma a 1934 ya tarar dusa ta haɗiye gine-ginen, dogayen turakun rediyo ne ke nuna inda suke, ya gina na biyu a kan na farko. A wannan zuwan ne ya kwashe watanni shi kaɗai a wata bukka can cikin dandamalin yana auna yanayi, hayaƙi mai guba daga murhu da inji ya kusa halaka shi. A wannan zuwan ne kuma masanansa suka yi aikin da, a ganina, ya fi tashin jirgin sama muhimmanci: suka riƙa tayar da nakiya bisa ƙanƙara suna auna lokacin da amsa-kuwwa ke ɗauka kafin ta dawo daga ƙasa, da haka ake gane kaurin ƙanƙarar da ko ruwa ne a ƙarƙashinta ko dutse. Aka tabbatar cewa kudu da lungun akwai wani tudu da ƙanƙara ta lulluɓe gaba ɗaya, Byrd ya sa masa sunan shugaban Amurka na lokacin, tsibirin Roosevelt.

Tsibirin nan tsawonsa kimanin kilomita 130 ne, faɗinsa kimanin 65, kuma ko tsakuwa ɗaya ba a gani a kansa, tulluwar ƙanƙara ce kawai da ta tashi wajen mita 550 sama da teku. Wani aikin bincike da Niyu Zilan ta jagoranta ya huda shi har ƙasa a ƙarshen 2012, aka zaro ƙanƙara mai tsawon fiye da mita 760, wanda ke nuna cewa dutsen da take zaune a kai yana ƙasa da matakin teku da kimanin mita 200. Dandamali mai tafiya idan ya iso wannan turke sai ya rabu biyu, reshe ɗaya ya bi ta gabas, ɗaya ta yamma, su sake haɗuwa a arewacinsa, kowanne da nasa sauri da tasa alƙibla. Inda suka haɗu ƙanƙara takan matse, ta tattare, ta tsattsage, kuma a nan ne baki ke yawan lotsawa. Ke nan Amundsen ya yi gaskiya cewa akwai abin da ke riƙe da ƙanƙarar daga ƙasa, shi ya sa lungun ke sake bayyana a wuri guda, amma Framheim kansa bisa ƙanƙara mai iyo yake, ba bisa tudun ba, don haka tsoron Shackleton ma yana kan hanya. Ni dai ina ganin Amundsen ya yi kyakkyawan nazari, ya kuma yi sa'ar cewa shekara guda kawai yake bukata, a cikinta kuma ƙanƙarar ba ta ɓalle ba. Ba na kuma yarda da masu ɗaukar janyewar Shackleton a matsayin rashin ƙarfin hali, domin rayukan mutane ne a wuyansa, ya kuma ga shaida da idonsa.

Amurkawa sun sake gina sansani na uku a 1940 da na huɗu a 1947, kowanne a wani sabon wuri saboda bakin ya gusa. Lincoln Ellsworth na Amurka ma, da ya ƙetare nahiyar a jirgin sama a ƙarshen 1935, mai ya ƙare masa gab da isowa, shi da matuƙinsa suka ƙarasa Little America da ƙafa suka jira ceto. Zuwa tsakiyar shekarun 1950 lungun ya lalace har ba ya saukuwa, shi ya sa aka kai sansani na biyar gabas, lungun Kainan, domin ayyukan shekarar binciken duniya ta 1957 zuwa 1958. A 1963 wani jirgin Amurka mai fasa ƙanƙara ya hango ragowar gine-ginen ɗaya daga sansanonin a jikin wani tsaunin ƙanƙara yana iyo a teku. Sa'an nan a Oktoban 1987 wani yanki mai tsawon kilomita 154 da faɗin 35 ya ɓalle daga gabashin lungun, aka sa masa lamba B-9, domin ana ba tsaunukan da suka fito daga wannan kusurwa ta nahiyar harafin B. Tafiyarsa ta shafe lungun yadda aka san shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu taswirori suka daina nuna shi. A Maris na 2000 kuma B-15 ya ɓalle daga yamma da wajen, mai tsawon kusan kilomita 295 da faɗin murabba'in kilomita 11,000, mafi girman da taurarin ɗan'adam suka taɓa aunawa.

Kada a ɗauki wannan ɓallewa ita kaɗai a matsayin shaidar ɗumamar yanayi, domin ɗabi'ar dandamali ce ya tsawaita ya kuma zubar, kuma na Ross, da yake ruwan da ke ƙarƙashinsa mai tsananin sanyi ne, yana cikin waɗanda suka fi zama daram a yanzu. Abin da ya sa masana ba sa ɗauke ido daga kansa shi ne aikin da yake yi na tokare ƙanƙarar kan tudu. Narkewar abin da ya riga yana iyo ba ta ƙara wa teku tsayi wani abin kirki, amma idan tokarin ya tafi sai kogunan ƙanƙarar da ke bayansa su ƙara gudu, kamar yadda aka gani bayan rushewar dandamalin Larsen B a 2002. Ƙanƙarar yammacin Antatika, wadda wani babban sashenta ke malalowa ta cikin dandamalin Ross, tana ɗauke da ruwan da zai iya ɗaga tekunan duniya da fiye da mita 3, turaku irin su tsibirin Roosevelt kuma suna cikin abubuwan da ke rage mata sauri.

Game da halittu kuwa, saman dandamalin fayau yake, babu tsiro, babu abin ci, duk rayuwar a bakin ruwa take da cikinsa. Iska mai ƙarfi da ke gangarowa daga nahiyar takan ture ƙanƙarar teku daga gaban ganuwar, ta bar wani makeken fili na buɗaɗɗen ruwa, wanda ke fara samun hasken rana tun farkon bazara alhali sauran teku yana rufe. Da haske ya shigo, ga rana ba ta faɗuwa tsawon watanni, sai ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su yi ta hayayyafa har ruwan ya sauya launi a hotunan tauraron ɗan'adam, Tekun Ross kuma yana cikin wuraren da suka fi yalwar wannan tsiro a duk tekun kudu. Kiril, ƙananan halittu masu kama da jatan lande, su ke cin tsirran. Wani ƙaramin kifi mai launin azurfa yana cin kiril. Daga nan kuma kusan kowa, tsuntsu da sil da wel, a kan waɗannan biyun ya dogara. Ruwan wajen yana kusa da digiri 1.9 ƙasa da sifili, inda ruwan gishiri ke daskarewa, jinin kifi na yau da kullum kuwa da ya sandare. Kifayen nan suna da wani sinadari a jininsu da ke manne wa ƙwayar ƙanƙara tun tana ƙarama ya hana ta girma, wanda masanin kimiyya Arthur DeVries ya gano a McMurdo a ƙarshen shekarun 1960. Babban cikinsu, wanda ake kira kifi mai haƙora na Antatika, yana kusan kai mita 2, nauyinsa ya wuce kilo 100.

Wel ɗin da aka fi gani a bakin ƙanƙara a yau su ne minke, masu tsawon mita 8 zuwa 9, waɗanda ke kutsawa cikin tsaguwar ƙanƙara suna tace kiril, da kuma orka, wel masu haƙora da ke farauta cikin garke. Tekun Ross yana da nasa nau'in orka, ƙarami, wanda kifi ne abincinsa, ban da waɗanda ke farautar sil. Shi kuwa sil ɗin Weddell, wanda Amundsen ya fi dogara da namansa, babu wata dabba mai shayarwa da ke haihuwa kudu da inda yake haihuwa. Yana nutso fiye da mita 600, yana iya wuce sa'a guda bai sheƙi iska ba, da hunturu kuma yakan zauna ƙarƙashin ƙanƙara yana goge bakin ramin numfashinsa da haƙora don kada ya toshe, abin da ke cinye haƙoran nasa tun bai tsufa ba. Tsagogin da haɗuwar rassan dandamalin nan biyu ke haifarwa suna ba shi ƙofofin shiga da fita, don haka mai yiwuwa tsibirin da ya samar da lungun yana da hannu a yawan sil ɗin da mutanen Framheim suka samu.

Fengwin, tsuntsayen teku da ba sa tashi sama sai iyo, iri biyu ne a yankin, kuma bambancinsu yana koyar da abu game da wurin. Na Adeli, ƙarami mai farin zobe a ido, da tsakuwa yake gina sheƙa, saboda haka sai inda akwai tsirarar ƙasa yake ƙyanƙyasa, kamar Cape Adare da tsibirin Ross can yamma. A Lungun Wel baƙo ne mai zuwa kiwo. Sarkin fengwin kuwa, mai tsayin fiye da mita guda da nauyin da kan kai kilo 40, ba ya bukatar ƙasa ko sheƙa. A tsakiyar hunturu yake haihuwa bisa ƙanƙarar teku da ta manne da gaɓa: mace ta saka ƙwai ɗaya ta miƙa wa namiji ta tafi teku, shi kuma ya ɗora shi bisa ƙafafunsa ya rufe da fatar ciki na kimanin kwana 65 cikin duhu, mazan suna cunkushe wuri guda suna musayar na tsakiya da na gefe, kuma kafin matar ta dawo yakan yi kusan wata 4 bai ci komai ba. Akwai mazauninsu a Cape Colbeck, gabas da lungun, da Cape Crozier a ƙarshen yamma na ganuwar. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na fengwin Adeli na duniya da kusan rubu'in sarakunan fengwin a Tekun Ross suke. A sama kuma akwai farin tsuntsun dusa da wani tsuntsu mai satar ƙwai da ake kira skua. Farin beyar da wasu ke zato babu shi a nan sam, dabbar arewacin duniya ce.

Tsaunukan da ke ɓallewa suna taɓa rayuwar waɗannan tsuntsaye ko daga nesa. Wani ɓari na B-15 ya maƙale kusa da tsibirin Ross na 'yan shekaru, ya hana ƙanƙarar teku fita, fengwin suka riƙa doguwar tafiya kafin su kai ruwa, 'ya'ya da yawa suka mutu. Wani ɓari na B-9 kuma ya yi ta gantali yamma fiye da shekaru 20, a 2010 ya bangaji harshen kogin ƙanƙarar Mertz ya karya shi, ya je ya zauna a lungun Commonwealth, inda ya jawo wa fengwin Adeli na Cape Denison irin wannan wahala. A ƙarƙashin dandamalin ma, cikin duhun da rana ba ta taɓa shiga ba, akwai rai: a 1977 an huda fiye da mita 400 na ƙanƙara aka ga ƙananan halittu masu ɓawo, a Janairun 2015 kuma aka huda kimanin mita 740 a can ƙurya, wajen kilomita 850 daga buɗaɗɗen teku, kyamara ta nuno kifaye suna yawo.

Yalwar wel da Shackleton ya gani ba ta daɗe ba. A 1923 Carl Anton Larsen na Norwe ya shigo Tekun Ross da katafaren jirgin sarrafa man wel, wasu suka biyo baya, kuma cikin rabin ƙarni shuɗin wel na Antatika, dabba mafi girma da aka sani, mai kai mita 30, ya ragu zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na adadinsa na asali. An dakatar da farautar wel ta kasuwanci daga 1986, amma har yau shuɗin bai farfaɗo sosai ba, abin da nake ganin shi ne babban tabon da ɗan'adam ya bari a wannan teku. Yarjejeniyar Antatika ta 1959 ta keɓe nahiyar ga zaman lafiya da bincike, ƙarin yarjejeniyar kare muhalli ta 1991 ta hana haƙar ma'adinai, ta kuma sa aka kwashe karnuka duka zuwa 1994, har da jinsin waɗanda suka ja amalanken masu binciken farko, don gudun kada su sa wa sil cuta. A Oktoban 2016 ƙasashen da ke kula da albarkatun tekun kudu suka amince a birnin Hobart na Ostireliya da keɓe kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.55 na Tekun Ross, dokar ta fara aiki a Disamban 2017 na tsawon shekaru 35, ko da yake an bar wasu sassa ana kamun kifi mai haƙora, wanda orka da sil ɗin Weddell su ma suke ci.

Dangane da ko wurin yana nan, tun bayan 1987 ƙanƙara ta ci gaba da gusowa ta gefe biyu na tsibirin Roosevelt, bakin ya sake lotsawa a arewacinsa, kuma masu jiragen ruwa har yau da tsohon sunan suke kiran wajen. A Janairun 2023 jirgin binciken Italiya, Laura Bassi, ya shiga cikinsa har digiri 78 da minti 44 kudu. Amma ƙanƙarar da Framheim ya zauna a kanta ta daɗe da isa baki ta ɓalle, tare da gidan katakon da ɗakunan da aka haƙa cikin dusa, kuma wadda jirgi zai jingina da ita yau, a zamanin Amundsen tana can kudu da nisan kilomitoci masu yawa, tana kan hanyarta ta zuwa.